Bel ɗin samfefa a maƙera: Yadda muka haɗa injin gyaran wuƙa a Karaye

Wuƙa ba ta fitowa daga wuta da kaifinta. Idan maƙeri ya gasa ƙarfe ya yi jajir, ya ɗora shi a kan uwar maƙera ya daddake shi da masaba, abin da yake samu baƙin falle ne mai siffar wuƙa, duk jikinsa sawun duka. Aikin da ya rage, wato share wannan sawu da fitar da gangaren da ke saukowa daga gadon bayan wuƙa zuwa bakinta, shi ne mai cin rana. Da magagari ake yin sa, a zaune, an danne ƙarfen da ƙafa, ana ta gurza har kafaɗa ta yi tsami. A maƙerun da muka sani yaran gida ake bar wa wannan aiki, kuma idan kuka ji ɗan maƙeri ya bar gado ya koma kabu-kabu, ku bincika, da wuya a rasa hannun magagari a ciki.

Wannan ne ya sa mu huɗu, ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, muka ɗauki hutun ƙarshen zango muka zauna da wani dattijon maƙeri a Karaye, ta Ƙaramar Hukumar Maiyama a Jihar Kebbi, ba ta Kano ba. Tambayarmu ɗaya ce: da tarkacen da ake samu tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, za a iya haɗa abin da zai karɓi aikin magagari ba tare da ya lalata wuƙar ba? Mun rubuto muku amsar ne, ƙannenmu na sakandare, domin kusan duk lissafin da aikin ya ci yana cikin littafinku na aji uku.

A yankinmu wuƙa, ko yuƙa kamar yadda muke faɗa a gida, kayan neman abinci ce. Aliero gari ne na albasa, kuma kowace albasa da kuka gani a buhu sai da aka yanke mata lawashi. Mahauta a kasuwar Jega na buƙatar ta yanka da ta fiɗa da ta sarar ƙashi. Masunta na gyaran kifi, dukawa na yankan fata, mata na yankan kuɓewa a shanya. Idan Babbar Sallah ta matso kuwa, kowane magidanci sai ya tuna da wuƙarsa. A irin waɗannan makonni ne maƙeri ke samun cinikin shekara, kuma a lokacin ne hannu ke gazawa. Mai saye ba ya jira. Idan ya zo sau biyu ba a gama ba, sai ya tsaya wurin mai tebur ya sayi 'yar Sin mai ƙyalli, wadda za ta dakushe kafin a gama fiɗar rago ɗaya.

Gasar da kayan waje ba yau ta fara ba. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, kuma ya rubuta cewa ruwan takubban da ake sayarwa a kasuwa daga garin Solingen na ƙasarsu ake kawo yawancinsu, a nan sai a yi musu mariƙi da kube. Shekara fiye da 170 ke nan, maƙera ba su ƙare ba. Abin da ya riƙe su shi ne sun san aikin da mai saye zai yi da kayan, sun kuma san ƙarfe.

Mene ne injin bel?

Kowa ya san injin dutse biyu da ke shagon masu walda, wanda ake ɗaure shi a kan benci, dutse a dama dutse a hagu. Ana wasa wuƙa da shi, amma maƙera ba sa son sa, kuma suna da hujja. Dutsen ƙarami ne kuma zagayayye, saboda haka yakan ƙwaƙule jikin wuƙa ya bar mata rami-rami, ga shi da saurin ɗaukar zafi.

Masu ƙera wuƙa a Amurka da Turai sun daɗe da komawa wani abu daban. Samfefa ce mai bayan ƙyalle, an haɗe bakinta biyu ta zama zobe kamar fambel, tana gudu a kan tayoyi. Wadda suka fi amfani da ita faɗinta inci 2 ne, tsawonta inci 72, wato kusan santimita 5 da santimita 183. A bayan bel ɗin akwai shafaffen faranti na ƙarfe, don haka duk abin da aka danna a kai shafaffe yake fitowa. Tsawon bel ɗin kuma na ba shi damar shan iska kafin ya zagayo. Wani alherin shi ne cikin daƙiƙa kaɗan za a cire mai kaushi a sa mai laushi. A bayan kowace samfefa akwai lamba: 36 da 60 masu kaushi ne, suna cin ƙarfe kamar fara a gona, 120 na share zanen da suka bari, 220 zuwa 400 na fitar da sheƙi. Ƙaramar lamba, babban tsakuwa ke nan.

Sabon inji irin wannan ya fi ƙarfin aljihun maƙerin ƙauye nesa ba kusa ba. Shi ya sa ba mu nufi ƙera inji sukutum ba. Hannu muka tsara, wanda za a cire dutse ɗaya daga injin benci a ɗaura shi a gurbin, in an gama a kwance a mayar da dutsen. Wani mai walda maƙwabcin maƙerin yana da injin, ya kuma yarda a gwada a kan nasa bisa sharaɗin kada a huda masa komai.

Lissafi kafin yanka

Kafin mu sayi ko da noti ɗaya, sai da muka amsa tambaya biyu a takarda. Ta farko: da wane irin gudu bel zai tafi? A jikin injin akwai ɗan faranti da aka rubuta cewa yana juyawa sau 2,850 a minti ɗaya. Wannan adadi ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, kuma irin waɗannan injuna kan yi ƙasa kaɗan da juyi 3,000. Duk juyi ɗaya na tayar da ke jan bel, bel ɗin zai matsa daidai tsawon kewayen tayar. Kun san dokar: kewaye shi ne faɗin da'ira sau 3.14. Idan faɗin tayar santimita 10 ne, kewayenta santimita 31.4. A ninka da 2,850, a samu kusan mita 895 a minti, wato wajen mita 15 a daƙiƙa ɗaya. Wannan gudu ya isa cin ƙarfe, bai kuma kai na hauka ba.

A nan ne muka ajiye wata shawara da ta fara zuwa mana. Injin hannu na yankan ƙarfe, wanda kowane mai walda ke da shi, ya fi sauƙin samu. Sai dai ƙaraminsa na juyawa kusan sau 11,000 a minti. Ku sa masa wannan taya mai santimita 10 ku gani: bel zai yi gudun kusan mita 58 a daƙiƙa, fiye da kilomita 200 a sa'a. Ba bel ɗin da za mu amince wa haɗinsa a wannan gudu, kuma ba za mu tsaya a gabansa ba. Wanda ya nace sai da injin hannu, dole tayarsa ta sauko zuwa santimita 3, sannan ya haƙura da ƙarar da za ta hana unguwa barcin rana.

Tambaya ta biyu: nawa ne nisan da zai kasance tsakanin tayar ƙasa da ta sama? Wannan ya danganta da bel ɗin da ake iya samu. Mai inci 72 sai an yi odarsa daga nesa. Wanda muka samu wurin masu sayar da kayan kafintoci tsawonsa santimita 91.5 ne, faɗinsa 10. Bel yana rungumar rabin kowace taya, sauran tsawonsa kuma ya miƙe sau biyu, gaba da baya. Rabin kewayen tayar ƙasa santimita 15.7 ne. Tayar sama mun sa mata faɗin santimita 6, rabin kewayenta 9.4. Jimla 25.1. A cire daga 91.5, saura 66.4. A raba biyu, a samu kusan santimita 33. Wannan shi ne nisan tsakiyar taya zuwa tsakiyar taya, kuma a kansa aka yanka duk sauran ƙarafa.

Faɗin santimita 10 ya yi wa ƙaramin inji yawa. Nasa wat 370 ne kawai, rabin ƙarfin doki, kuma da zarar an danna ƙarfe a kan bel mai faɗi sai ya fara nishi. Sai muka juya bel ɗin ta baya, muka ja layi a tsakiya, muka tsaga shi da reza ya zama biyu masu santimita 5. Kuɗin ɗaya, bel biyu.

Tarkacen da suka zama inji

Ƙashin bayan abin bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, guda biyu, ƙarami na shiga cikin babba yana zamewa. A cikin babban muka jefa guntun sifirin na tsohon shokozobar babur, ta yadda kullum yana tura ƙaramin sama. Shi ke ɗaure bel. In za a canza bel, sai a danna kan da tafin hannu, bel ya saki, a zare. Babban bututun an yi masa walda a kan faranti mai kauri, shi kuma an ɗaure shi a benci da kusoshin da ke riƙe da injin tun asali. Ba a huda komai ba, mai walda ya samu natsuwa.

Tayar ƙasa wani kafinta ya yanko mana daga fallayen katako da aka manne da gam. Ba ta fito daidai ba, kuma ba a sa ran ta fito. Dabarar ita ce a ɗaura ta a kan sandar injin, a kunna, a kafa magagari a kan madogara a riƙa taɓa ta a hankali har ta daina rawa. Injin da zai juya ta shi ya fi kowa sanin inda tsakiyarta take. Mun zaɓi ɓangaren dama da gangan. Notin ɓangaren hagu na irin wannan inji baibai yake ɗauruwa, an yi shi haka ne don kada juyi ya kwance shi, kuma samun madadinsa a kasuwar ƙauye wahala ne.

Tayar sama ita ce mai rigima. A cikinta akwai boris biyu masu lamba 6201, waɗanda ramin tsakiyarsu milimita 12 ne, ana samunsu wurin duk mai sayar da kayan babur. Abin da zai ba ku mamaki shi ne siffarta. Hankali zai ce a yi wa tayar kwari a tsakiya don bel ya zauna a ciki. Akasin haka ake yi: tsakiyar ce ke ɗan tudu, kamar milimita ɗaya sama da gefuna. Bel mai faɗi kullum hawa yake yi zuwa inda ya fi tsawo a jikin taya, saboda gefen da ya fi miƙewa shi ke jan sauran. In tsakiya ta fi tudu, can zai je ya zauna. Masu tsofaffin injunan niƙa masu faffaɗan bel sun san wannan tun kafin a haife mu. Wanda bai iya fafe tudun ba, ya naɗa salatif zagaye uku ko huɗu a tsakiyar tayar, zai yi aiki.

Tudu kaɗai bai isa ba, domin walda ba ta taɓa fita cif. Sai muka ɗora sandar tayar sama a kan fata irin ta ƙofa, muka sa kusa mai zare a ƙarƙashinta. A murɗa kusar kaɗan, tayar ta ɗan karkata, bel ya matsa dama. A sassauta, ya dawo hagu. Rubu'in juyi ya isa. A ganinmu wannan 'yar kusa ta fi kowane ɓangare muhimmanci, kuma duk wanda ya tsallake ta don sauri zai wuni yana tsintar bel a ƙasa.

Sauran biyu masu sauƙi ne. Farantin bayan bel guntun ƙarfe ne shafaffe mai faɗin santimita 5 da tsawon 20, an sa shi ya ɗan turo bel gaba kaɗan. Madogara kuma, inda ake ɗora wuƙa, tazararta da bel ba ta kai milimita 3 ba, don kada bakin ƙarfe ko yatsa ya faɗa tsakani. Fuskar bel ƙasa take gudu, tartsatsi na zuba cikin bokitin ruwa.

Abin da Baba ya ƙi yarda da shi

Duk kwanakin da muke aune-aune, Baba maƙeri yana kallonmu yana aikinsa. Ra'ayinsa bai ɓoye ba: inji na kashe wa wuƙa ruwa. Ya sha ganin wuƙar da ya ƙera da hannunsa, mai ita ya kai ta an wasa a dutsen inji, ta dawo bakinta ya yi shuɗi, ta ƙi riƙe kaifi, sannan a ce maƙeri ne ya yi algus. Gaskiyarsa ce, kuma kimiyya na bayansa.

Ga yadda abin yake. Ƙarfen da ke yin wuƙa mai kyau shi ne mai sinadarin kabon daidai gwargwado. Shi ya sa maƙera ke neman sifirin mota, wanda kabon ɗinsa ya kai wajen kashi 0.6 cikin 100, da tsohon magagari wanda nasa ya fi haka. Ƙarfen ƙofa da taga kabon ɗinsa kaɗan ne, ko an tsoma shi a ruwa sau goma ba zai yi tauri ba. Idan aka gasa ƙarfe mai kabon ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Salsiyas, aka tsoma shi cikin mai ko ruwa nan take, sai ya yi tauri ƙwarai, amma ya zama mai saurin karyewa kamar kwalba. Don haka akan sake ɗumama shi kaɗan, wajen digiri 200 zuwa 230, har farin jikinsa ya koma ruwan kara. A nan ne yake samun tauri da juriya tare. Idan zafin ya zarce, launin sai ya koma ruwan ƙasa, ya koma shunayya, a wajen digiri 300 ya zama shuɗi. Shuɗi launin sifirin ne: yana lanƙwasa ya dawo, amma ya yi wa bakin wuƙa laushi.

To, bakin wuƙa siriri ne kamar takarda, ba shi da naman da zai shanye zafi. Daƙiƙa biyu na sakaci a kan inji sun isa su kai shi shuɗi, kuma in ya kai, babu gyara sai an cinye wurin gaba ɗaya ko a koma wuta. Bel ma yana iya wannan ɓarna. Bambancin shi ne ana iya tsara aikin yadda ba zai yi ba, kuma tsarin da muka zauna a kansa tare da Baba shi ne wannan: kashi mafi yawa na gurza a yi shi kafin a ba wuƙa ruwa, lokacin da zafi ba ya cutar da ita. A bar wa bakin kaurin milimita ɗaya, domin in ya fi haka siranta zai iya murɗewa ko ya tsage a cikin mai. Bayan an ba ta ruwa, sai sabon bel, hannu marar nauyi, shafa ɗaya tsoma ɗaya a bokiti. Tsohon bel da tsakuwarsa ta mutu goga yake yi maimakon yanka, shi ya fi kawo zafi. Kuma a riƙe wuƙar da yatsu tsirara a bayanta: fata na jin zafi tun ƙarfe bai kai rabin inda zai lalace ba.

Mun kawo mayen ƙarfe don mu nuna masa cewa ƙarfe na daina kama shi a wajen digiri 770, alamar an kusa lokacin tsomawa. Ya gwada sau ɗaya ya ajiye. Shi da launin wuta yake ganewa, shi ya sa ma yake ba wuƙa ruwa da almuru ko a cikin inuwar rumfa, inda hasken rana ba zai ruɗe ido ba. Da muka auna, idonsa da mayen ƙarfenmu wuri ɗaya suke tsayawa. Wani abin da ya karɓa hannu biyu shi ne gwajin tartsatsi. A kan bel, sifirin mota na fitar da tartsatsi mai rassa yana fashewa kamar wasan wuta, ƙarfen taga kuwa dogayen layuka ne marasa reshe. Da can da amo yake rarrabe su. Yanzu yana da shaida biyu kafin ya ɓata gawayin kirya a kan ƙarfen banza.

Ga masu son darasin kusurwoyi, ga inda yake shiga. A ce kaurin wuƙa milimita 4 ne, ana son gangare mai tsawon milimita 25, za a bar milimita ɗaya a baki. Kowane gefe zai rasa milimita 1.5 ke nan. A raba 1.5 da 25, a samu 0.06, a duba teburin lissafi, kusurwar ta kama digiri uku da rabi. Hannun sabon shiga ba ya iya riƙe wannan. Sai muka yi ɗan mariƙi da ƙarfe mai kusurwa, da kusa a ƙasansa da ke ɗaga shi daidai yadda ake so. Jikan Baba, ɗan aji biyu a sakandare, da shi ya fitar da gangaren da gefe biyu suka yi daidai a rana ta uku. Baba kansa bai taɓa mariƙin ba, hannunsa ya riga ya san hanya. Kaifin ƙarshe kuma, mai wajen digiri 20 a kowane gefe, har yanzu a dutsen washi yake fitar da shi da ruwa, kuma ba mu ga dalilin ja da shi ba.

Kafin ku ce za ku gwada

Wannan ba aikin da ɗalibi zai yi shi kaɗai a bayan ɗaki ba ne. Walda da haɗa waya aikin manya ne masu sana'a, kuma jikin injin dole a haɗa shi da wayar ƙasa. Tabarau na kariya wajibi ne ko da aikin daƙiƙa biyar ne, domin ƙwayar ƙarfe ɗaya ta isa ta tsiyayar da ido. Ba a tsayawa gaban bel da babbar riga, ko hannun riga a sake, ko gyale mai lilo. Abokiyar aikinmu, wadda ita ta zana tsarin kusar daidaita bel, cusa hijabinta take yi cikin rigar aiki ta zuge har wuya. Safar hannu ma haɗari ce a nan, bel na iya cafkar ta ya ja yatsu. A wasu bel akwai kibiya a baya da ke nuna inda za su fuskanta, a bi ta. Idan ana fitar da gangare, bakin wuƙa sama yake kallo don a ga layi, amma da zarar ta fara kaifi sai a juya bakin ƙasa, bel ya riƙa barin sa, kada ya sare bel ɗin ta fizge daga hannu. Jarkar fetur da janareta su yi nesa da tartsatsi.

Sai ƙura, wadda ba ta da ƙara ba ta da jini, shi ya sa ake raina ta. A garin Sheffield na Ingila, wanda ya shahara da wuƙaƙe, masu gurza a busasshen dutse a ƙarni na 19 da yawansu ba sa kai shekara 40, ƙurar dutse da ƙarfe ke cinye musu huhu. A yi aikin a fili inda iska ke wucewa, a rufe hanci da baki da takunkumi mai kyau, a bar ruwa a bokiti ya kama abin da ya sauka.

Akwai kuma maganar da ba za mu tsallake ba. Mun san yadda wasu samari a biranenmu suka mayar da wuƙa abin ado a ƙugu. Maƙeran gargajiya suna da Sarkin Maƙera, suna kuma da ido a kan wanda suke ƙera wa abu. Baba ya fi mu tsanani a nan: wuƙar mahauci, ta manomi da ta ɗakin girki yake yi, kuma yaron da ya zo neman mai baki biyu sai ya faɗi ɗan gidan wane ne. Injin bai canza wannan doka ba.

Riba ko asara?

Wuƙar fiɗa da ke cin yaro fiye da sa'a guda da magagari, a kan bel mun ga ta fita cikin kusan rubu'in wannan lokaci. Sai dai kada wannan ya ruɗe ku. Magagari ɗaya na yin watanni, dutsen washi na yin shekaru, bel kuwa ci yake yi yana ƙarewa, kuma ba a yin sa a Karaye. Mai ruwan ƙasa da kafintoci ke amfani da shi don katako aka fi yin sa, ƙarfe na saurin kashe shi. Mai launin shuɗi, na sinadarin zirkoniya, ya fi daɗewa, amma sai an aika Kano ko Legas. Zafin rufin kwano da laimar damina kuma na sassauta gam ɗin haɗinsa, saboda haka ba a tara shi da yawa, kuma a rataye ake ajiye shi a inuwa.

Lissafin da ya kamata kowane maƙeri ya yi shi ne ya raba kuɗin bel da yawan wuƙaƙen da ya gyara, ya ƙara kuɗin wuta ko fetur da hayar injin, ya kwatanta da ƙarin wuƙaƙen da ya samu damar sayarwa. A namu ganin, a makonnin Babbar Sallah da lokacin cirar albasa, inda ake ƙera ashirin ko talatin a jere, injin na biyan kansa. Don wasa wuƙar gida guda ɗaya kuwa, ɓarnar bel ce kawai. Haka Baba ya tsara: yana tara aikin mako, ranar da aka kawo wuta jikansa ya ɗauki hannun injin a kafaɗa zuwa shagon mai walda.

Wutar ce ta rage mana. Irin wannan inji na jan wuta ninki da yawa a lokacin tashi, har ƙaramin janareta kan shaƙe. Abin da ke ko'ina a ƙauyukanmu shi ne injin fetur na markaɗe da na ban ruwa a fadama, wanda ke kai juyi 3,600 a minti in an sake masa wuta. Da fuli da fambel za a iya saukar da gudunsa zuwa yadda ake so, a kuma sa allon kwano tsakanin tankinsa da tartsatsi. A kan wannan zane muke yanzu. Idan makarantarku na da kulob ɗin JETS ko ɗakin koyon sana'a, ga aikin da za ku kai wa malaminku na fasaha: fulin injin faɗinsa santimita 6 ne, ana son sandar tayar bel ta juya sau 2,850 a minti. Santimita nawa ya kamata faɗin fuli na biyu ya kasance?